Araha Ba Ta Ado: Darasin Rana Plaza Ga Masu Sayen Kaya

Daga Wakilinmu

A safiyar ranar Laraba, 24 ga watan Afrilu na shekarar 2013, wani bene mai hawa 8 da ake kira Rana Plaza ya rufta a garin Savar da ke kusa da Dhaka, babban birnin ƙasar Bangaladash. Mutum 1,134 ne suka rasa rayukansu, wasu kimanin 2,500 kuma suka jikkata, daga cikinsu har da waɗanda sai da aka yanke musu hannu ko ƙafa kafin a iya zaro su daga ƙarƙashin ɓaraguzai. Akasarin mamatan mata ne masu aikin ɗinki a masana'antu 5 da ke cikin benen, kuma tufafin da suke ɗinkawa na manyan kantunan Turai ne da Amurka da Kanada. A duk tarihin sana'ar ɗinkin tufafi ba a taɓa yin haɗarin da ya ci rayuka kamar wannan ba.

Tun daga wannan rana ake ta muhawara a kan tambaya guda, watau wane ne ke da alhakin jinin waɗannan bayin Allah. Mai benen yana da laifi, masu masana'antun suna da nasu, haka ma jami'an gwamnati da suka kau da kai. To amma in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Manufar wannan sharhi ita ce a nuna wa mai karatu cewa akwai wani hannu da ba a cika gani ba, shi ne hannun jami'in sayen kaya da ke zaune a ofis a Landan ko a New York, wanda shi ke yanke farashi, shi ke tsai da ranar kawo kaya, shi kuma ke faɗin ranar da zai biya. Waɗannan abubuwa uku su ne ke bayyana irin rayuwar da ma'aikaciya za ta yi a gaban keken ɗinki.

YADDA CINIKIN YA SOMA

Domin a fahimci al'amarin sosai, ya kamata a koma baya kaɗan. A shekarar 1974 ne ƙasashe masu arziki suka kafa wata yarjejeniyar cinikin yadi da tufafi, wadda ta ƙayyade wa wasu ƙasashe masu tasowa iyakar abin da za su iya shigarwa kasuwanninsu. Ƙasashe irin su Koriya ta Kudu suka cika nasu kason, sai 'yan kasuwarsu suka shiga neman wuraren da ba a riga an ƙayyade musu ba. Ta haka ne kamfanin Daewoo na Koriya ya ƙulla hulɗa da wani kamfanin Bangaladash mai suna Desh Garments, wanda Noorul Quader ya kafa, har aka tura ma'aikata 130 Koriya a shekarar 1979 domin su koyo aikin. Da yawa daga cikinsu sun bar kamfanin daga baya sun buɗe nasu, kuma daga nan ne sana'ar ta yaɗu kamar wutar daji.

A lokacin da benen ya faɗi, Bangaladash ita ce ta biyu a duniya wajen fitar da tufafi, ƙasar Sin kaɗai ke gabanta. Mutum wajen miliyan 4 ne ke cin abinci a wannan sana'a, tufafi kuma su ne ke kawo kimanin kashi 80 cikin 100 na kuɗin da ƙasar ke samu daga sayar da kaya a waje, watau sama da dala miliyan dubu 20 a shekara. Ita kuwa waccan yarjejeniya ta ƙayyade kaso an soke ta tun farkon shekarar 2005, saboda haka gasa ta zama a buɗe, kuma babban abin da ƙasar ke taƙama da shi a gasar shi ne arahar ƙwadago. Albashi mafi ƙanƙanta na mai ɗinki a wannan lokaci taka 3,000 ne a wata, daidai da dala 38 ke nan.

Abin lura a nan shi ne, yawancin manyan kamfanonin da sunayensu ke liƙe a wuyan riguna ba su da masana'anta ko guda ɗaya. Nasu zane ne da talla da sayarwa. Sai su ba dillali oda, dillali ya nemo masana'anta, ita kuma masana'anta in aiki ya yi mata yawa sai ta yanka wa wata ƙarama. Auduga daga wata ƙasa, zare daga wata, rini a wata, maɓalli da zik daga wata. Wannan jerin hannuwa da kaya ke bi kafin su isa kanti shi ne masana harkar ciniki ke kira sarƙar samar da kaya. Amfanin tsarin ga babban kamfani a fili yake: riba tana hawa sama zuwa gare shi, haɗari kuma yana gangarawa ƙasa zuwa ga wanda ya fi kowa rauni. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

ABIN DA YA FARU A SAVAR

Binciken da aka yi bayan haɗarin ya nuna cewa tun asali an tsara benen ne domin kantuna da ofisoshi, ba domin ɗaukar manyan injina ba. Wani ɓangare na filin tsohon kududdufi ne da aka cike, kuma mai benen, Sohel Rana, ya ƙara hawa a bisa abin da aka ba shi izni, har ma ana cikin gina hawa na 9. Daɗin daɗawa, an ɗora manyan injinan ba da wutar lantarki a benayen sama.

A ranar Talata, 23 ga wata, aka ga ginshiƙan ginin sun tsage, aka fitar da mutane, aka kuma kira injiniya ya duba ya ce ginin ba shi da lafiya. Bankin da ke ƙasa da kantunan da ke kusa da shi suka rufe, suka sallami ma'aikatansu. Amma washegari da safe sai aka umarci masu ɗinki su koma bakin aiki, wasu kuma aka yi musu barazanar hana su albashin watan. Jim kaɗan kafin ƙarfe 9 wuta ta ɗauke, aka tayar da injina, ginin ya girgiza, cikin ɗan ƙanƙanin lokaci ya zube. An kwashe kusan mako uku ana tono, har aka zaro wata mata da ranta bayan kwana 17. Shi kuwa Sohel Rana an cafke shi ranar 28 ga wata a Benapole, kan iyakar ƙasar da Indiya.

Tambayar da ya kamata mai hankali ya yi ita ce, me ya sa banki ya rufe amma masana'anta ta ƙi rufewa, alhali kuwa tsaga ɗaya suka gani? Manajan banki ba ya tsoron cewa rufewar kwana biyu za ta raba shi da kasuwarsa. Shi kuwa mai masana'anta akwai ranar da aka yanka masa ta loda kaya a jirgin ruwa. In ya saɓa, ko dai a zaftare masa kuɗi, ko a tilasta masa aika kayan ta jirgin sama da kuɗin aljihunsa, ko kuma a soke odar ɗungum a kai ta wani wuri. Ita ma ma'aikaciya mai karɓar dala 38 ba ta da ajiyar da za ta sa ta ce ba za ta shiga ba. Wannan ba ya wanke masu masana'antun ko kaɗan, sai dai yana nuna inda matsin ya samo asali.

HANNUN MAI SAYE

A cikin babban kamfani akan sami ofisoshi biyu da ke magana da mai kawo kaya, kuma kowanne da irin bakinsa. Ofishin kula da ɗa'a yana aika masa da ƙa'idoji cewa kada ya sa yara aiki, kada ya wuce awoyin da doka ta tsara, ya kuma tanadi ƙofofin gudu in gobara ta tashi. Ofishin sayayya kuwa yana ce masa ya rage farashi a kan na bara, ya kawo kaya da wuri, ya jira biya bayan wata biyu ko uku. Shi jami'in sayayya ana auna ƙwazonsa ne da yawan kuɗin da ya rage wa kamfani, a kan haka ake ba shi lada da ƙarin girma. Mai masana'anta kuwa ya san wane ofishi ne ke sa hannu a takardar oda, saboda haka ya san maganar da zai bi da wadda zai rataye a bango.

Wannan ba zato ba ne. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta gudanar da bincike a tsakanin masu kawo kaya sama da 1,400 a ƙasashe 87, ta kuma bayyana sakamakonsa a shekarar 2017. Kashi 39 cikin 100 na waɗanda aka tambaya sun ce sun taɓa karɓar oda a kan farashin da bai kai kuɗin da suka kashe wajen yin kayan ba, a ɓangaren yadi da tufafi kuwa adadin ya kai kashi 52. Duk wanda ya karɓi aiki a kan faɗuwa, tilas ya nemi inda zai fanshe. Kuɗin yadi ba ya raguwa, haka kuɗin wuta da na haya. Abin da ya rage masa shi ne albashin ma'aikata, da awoyin aikinsu, da kuɗin gyaran gini da wayoyin lantarki, ko kuma ya miƙa aikin a ɓoye ga wata ƙaramar masana'anta da babu sufeton da ya san da zamanta.

TAKARDAR SHAIDA DA GASKIYAR LAMARI

Tun daga shekarun 1990, lokacin da aka fara fallasa yadda ake bautar da ma'aikata a masana'antun takalma da tufafi na Asiya, kamfanoni suka ɓullo da dabarar tura masu bincike masu zaman kansu su duba masana'antu su ba da takardar shaida. Aikin ya zama babbar sana'a mai kawo kuɗi. Amma abubuwa uku da suka auku cikin wata 8 kacal sun nuna iyakar amfaninsa.

A ranar 11 ga watan Satumba na 2012, gobara ta tashi a masana'antar Ali Enterprises da ke Karachi a ƙasar Pakistan, ta hallaka sama da mutum 250. Babban mai sayen kayanta shi ne kamfanin KiK na Jamus. Makonni kaɗan kafin gobarar ne wani kamfanin bincike na Italiya mai suna RINA ya ba masana'antar takardar shaidar cika ƙa'idojin kula da ma'aikata. Ko da yake daga baya wata kotun Pakistan ta yanke hukuncin cewa da gangan aka cinna wutar, abin da ya hana mutane tsira shi ne tagogi masu ƙarafa da ƙofofin da ke garƙame.

A ranar 24 ga watan Nuwamba na wannan shekara kuma, masana'antar Tazreen Fashions da ke wajen birnin Dhaka ta kama wuta, mutum aƙalla 112 suka mutu. An tsinci tufafin kamfanin Walmart na Amurka a cikin toka, kamfanin kuma ya ce wani ɗan kwangilarsa ne ya kai aikin can ba da izninsa ba. Sai kuma Rana Plaza, inda wata ƙungiyar bincike ta kamfanonin Turai mai suna BSCI ta amsa cewa an duba biyu daga cikin masana'antun da ke benen a ƙarƙashin tsarinta, amma duba ƙarfin gini ba ya cikin aikin masu bincikenta.

Raunin tsarin ba ɓoyayye ba ne. Sau da yawa masana'antar da za a bincika ita ke biyan mai binciken, kuma akan sanar da ita ranar zuwansa. Rahoton da ya rubuta sirri ne tsakaninsa da kamfani, ma'aikatan da rayukansu ke cikin haɗari ba sa ganinsa. In an gano aibi, babu wanda aka ɗora wa biyan kuɗin gyara, kuma babu kotun da za ta hukunta kamfanin da ya saɓa ƙa'idar da shi da kansa ya rubuta.

YARJEJENIYAR DA TA ƊAURE MAI SAYE

Hotunan gawarwakin Savar tare da tambarin sanannun kantuna sun tayar da hankalin duniya, har ta kai kamfanoni suka amince da abin da suka daɗe suna ƙi. A tsakiyar watan Mayu na 2013 aka ƙulla Yarjejeniyar Kare Gobara da Lafiyar Gine-gine a Bangaladash, tsakanin kamfanonin da ke sayen tufafi da manyan ƙungiyoyin ƙwadago biyu na duniya, watau IndustriALL da UNI, tare da ƙungiyoyin ma'aikatan ƙasar, Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya kuma ta zama shugabar zama. H&M na Suwidin da Inditex na Sifen da Primark da Tesco suna cikin na farko, daga bisani adadin ya haura kamfani 200, masana'antun da abin ya shafa kuma suka wuce 1,600, masu ma'aikata wajen miliyan 2.

Bambancinta da abin da aka saba a bayyane yake. Injiniyoyi ne masu cin gashin kansu ke duba gini da wayoyin lantarki da hanyoyin tsira. Ana buga rahoton kowa ya gani. Kamfanin da ya sa hannu ya ɗauki alkawarin tabbatar da cewa masana'anta ta sami halin yin gyara, ko ta hanyar rance, ko ƙarin farashi, ko biyan kuɗin kai tsaye. Masana'antar da ta ƙi gyara, dukan kamfanonin da ke cikin yarjejeniyar sai su daina sayen kayanta. An kuma amince wa ma'aikaci ya ƙi shiga wurin da yake ganin akwai haɗari ba tare da an taɓa albashinsa ba. Uwa uba, in kamfani ya karya alkawari ana iya gurfanar da shi gaban masu sasanci waɗanda hukuncinsu ke da ƙarfin doka.

A zagayen farko da aka kammala a 2014, an duba masana'antu sama da 1,100, aka gano wuraren haɗari fiye da 80,000. Mai karatu ya tuna cewa da yawa daga cikin waɗannan masana'antu sun sha karɓar masu bincike a baya. Cikin shekarun da suka biyo an gyara sama da kashi 90 cikin 100 na abubuwan da aka gano tun farko, aka cire ƙofofi masu kwaɗo, aka sa masu hana wuta wucewa, aka ƙarfafa ginshiƙai. Batun gurfanarwa ma an gwada shi, domin a watan Janairu na 2018 wani babban kamfani da ba a bayyana sunansa ba ya amince ya biya dala miliyan 2.3 bayan ƙungiyoyin ƙwadago sun kai ƙararsa gaban kotun sasanci da ke birnin Hague.

Walmart da Gap da wasu kamfanonin Amurka sun ƙi shiga saboda tsoron shari'a, suka kafa tasu ƙungiyar dabam wadda ta yi aiki har ƙarshen 2018. A shekarar 2020 aikin dubawa ya koma hannun wata majalisa ta cikin gida da ta haɗa masu masana'antu da masu saye da 'yan ƙwadago. A 2021 aka mai da yarjejeniyar ta zama ta ƙasa da ƙasa, a 2023 kuma ta fara aiki a Pakistan.

Maganar diyya kuwa ta sha jan ƙafa. An kafa asusu a ƙarƙashin kulawar Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ana neman dala miliyan 30, amma da yake bayarwa ganin dama ce, sai a watan Yuni na 2015 kuɗin suka cika. Kamfanin Primark ya yi saurin amsa cewa ana yi masa ɗinki a benen, ya kuma biya kuɗi masu yawa. Benetton na Italiya da farko ya musanta, sai da aka nuna tambarinsa a cikin ɓaraguzai, kuma sai a 2015 ya zuba dala miliyan 1.1 a asusun. Wasu kamfanonin ma sai da suka yi kwanaki suna bincike kafin su san ko kayansu na ciki. Ita kuwa shari'ar kisan kai da aka shigar a kan Sohel Rana da sauran waɗanda ake tuhuma, har aka cika shekara 10 da haɗarin a 2023 ba a yanke hukunci ba.

TSUGUNE BA TA ƘARE BA

An gyara gine-gine, amma ba a gyara halin ofishin sayayya ba. Wani malami mai suna Mark Anner, wanda a lokacin yake jami'ar jihar Pennsylvania ta Amurka, ya bi diddigin farashi, ya gano cewa kuɗin da ake sayen wandon auduga na Bangaladash a kasuwar Amurka ya faɗi da kashi 13 cikin 100 tsakanin 2013 da 2017. Watau a daidai lokacin da ake bukatar mai masana'anta ya kashe kuɗi wajen gyara, a lokacin ne ake rage masa abin da yake samu.

Annobar korona ta 2020 ita ce ta ƙara tona asiri. Da kantuna suka rufe a Turai da Amurka, cikin 'yan makonni kamfanoni suka soke ko suka dakatar da odar da ta kai kimanin dala miliyan dubu 3 a Bangaladash kaɗai, har da kayan da aka riga aka ɗinka. Da yake a wannan ciniki ba a biya sai bayan kaya sun tashi, mai masana'anta ne ya sayi yadi da bashin banki, shi ne kuma aka bari da asara. Sama da ma'aikata miliyan 1 aka sallama ko aka tura gida. Sai da aka yi ta kunyata kamfanoni a bainar jama'a sannan wasunsu suka yarda suka biya kuɗin kayan da su da kansu suka yi oda.

Albashi ma bai taka kara ya karya ba. An ɗaga shi zuwa taka 5,300 a ƙarshen 2013, sannan 8,000 a 2018. A 2023 ƙungiyoyin ma'aikata suka nemi 23,000, aka yi zanga-zanga har aka rasa rayuka, daga ƙarshe aka tsaya a kan 12,500. Haka nan kuma kariyar da aka samu ta tsaya ne ga masana'antun da ke yi wa manyan kamfanonin waje ɗinki. A watan Yuli na 2021 gobara ta kashe sama da mutum 50 a masana'antar abinci ta Hashem Foods da ke kusa da Dhaka, kuma a nan ma an sami ƙofa a kulle.

GWAMNATOCI SUN SA BAKI

Tun a 2011 Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da wasu ƙa'idoji da Farfesa John Ruggie ya tsara, waɗanda suka ce wajibi ne kamfani ya binciki illar da cinikinsa ke jawowa har a wurin masu kawo masa kaya. Sai dai shawara ce, ba doka ba. Bayan Rana Plaza ne wasu ƙasashe suka fara mai da ita doka. Birtaniya ta yi dokar yaƙi da bautar zamani a 2015, wadda ta umarci kamfanoni masu cinikin fam miliyan 36 zuwa sama su riƙa bayyana matakan da suka ɗauka. Faransa ta wuce nan a 2017, inda ta wajabta wa kamfani mai ma'aikata 5,000 a cikin ƙasar, ko 10,000 a duniya, ya tsara shirin sa ido, ta kuma ba waɗanda aka cuta damar zuwa kotu. Ta Jamus ta fara aiki a 2023, ta kuma tanadi tara da hana kamfani kwangilar gwamnati har tsawon shekara 3.

A 2024 Tarayyar Turai ta zartar da doka irin wannan domin dukan ƙasashenta. To amma 'yan kasuwa sun yi ca a kanta suna kukan yawan takardu da tsadar aiki, har a 2025 aka ɗage lokacin fara aiki da ita, aka kuma shiga rage yawan kamfanonin da za ta shafa. Kukan nasu ba duka ne banza ba, domin akwai tsoron cewa babban kamfani zai tattara nauyin cike takardu ya jibga wa ƙananan masu kawo kaya, ko ya watsar da su ya koma wurin manya. In haka ta faru, an koma gidan jiya ke nan, takarda ta yi yawa, farashi kuma yana nan inda yake.

INA RUWANMU?

Mai karatu zai iya cewa Bangaladash da nisa. Amma fatun da ake jemewa a Kano suna tafiya Italiya da Sifen, haka riɗi da zoɓo da koko suna barin ƙasar nan zuwa kasuwannin waje. Mai saye da doka ta matsa wa a ƙasarsa, shi ma zai juyo ya tambayi ɗan kasuwarmu wa ya noma, wa ya jeme, nawa aka biya shi, ina kuma ake zubar da ruwan majema. Ɗan kasuwar da ya tanadi amsa tun yanzu shi ne zai riƙe kasuwarsa.

Ga ma'aikacin gwamnati kuwa darasin ya fi kusa. Dokar ba da kwangila ta Tarayya ta shekarar 2007 ta ce a ba wanda farashinsa ya fi sauƙi daga cikin waɗanda suka cika sharuɗɗa, ta bukaci ɗan kwangila ya nuna ya biya haraji da kuɗin fanshon ma'aikatansa, ta kuma ce biyan da ya wuce kwana 60 jinkiri ne da ke jawo ƙarin kuɗi. Duk mai zama a hukumar ba da kwangila ya kamata ya tambayi kansa abu huɗu kafin ya sa hannu. Shin wannan farashi zai iya yin aikin tsakani da Allah? Shin lokacin da aka ba shi ya isa? Wane ne zai yi aikin da hannunsa, shi ɗan kwangilar ko wani da zai sayar wa? Yaushe kuma za mu biya shi? Ma'aikatar da ta riƙe kuɗin ɗan kwangila shekara guda, ta sani cewa leburansa ne ta riƙe wa abinci.

Su kuma ɗalibanmu masu karatun ciniki da aikin akanta, waɗanda gobe su ne za su zauna a waɗannan ofisoshi, ya dace su riƙe cewa ƙwarewar jami'in sayayya ba ta tsaya ga karya farashi ba. Sanin mai kawo kaya, da zuwa a ga wurin aikinsa da ido, da cika alkawarin biya, da sauraron ma'aikatansa, duk suna cikin aikin. Mutanen Savar sun ga tsaga a bango kwana guda kafin ginin ya faɗi, an kuma sami injiniyan da ya faɗi gaskiya. Abin da aka rasa shi ne wanda ke da ikon cewa a dakata da aiki, kaya su makara, ba tare da tsoron rasa abincinsa ba. Wannan iko kuwa a hannun mai saye yake. Allah Ya ba mu ikon gyarawa.